Rashin Sani Ya Fi Dare Duhu: Yaron da Ke Firgita Cikin Barci Ba Maye Ba Ne

 

Maganar da muka ɗauko a wannan fitowa magana ce ta cikin ɗaki. Ba a cika kawo ta gaban taro ba, sai ta riga ta ɓaci. Maganar kuwa ita ce ta ƙananan yaranmu da ke firgita cikin barci, da abin da mu manya muke yi sa'ad da hakan ya faru.

Duk wanda ya taɓa gani ba ya mantawa. An ci tuwo, yara sun kwanta, gida ya yi tsit. Wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya sai ka ji ƙara kamar an taka wuta. Uwa ta ruga, ta tarar da yarinya 'yar shekara huɗu zaune a kan shimfiɗa, idanu a buɗe, zufa ta jiƙa ta sharkaf, numfashi sama-sama, ƙirji yana bugawa. Uwar ta kira sunanta, ba ta amsa ba. Ta kai hannu za ta rungume ta, yarinya ta ture ta, ta ƙara ihu kamar ba ta taɓa ganinta ba. Bayan minti biyar ko goma sai kukan ya lafa, ta koma ta kwanta, barci ya ci gaba. Gari ya waye ta tashi tana neman kokonta. Aka tambaye ta abin da ta gani jiya, ta ce ba ta ga kome ba. Iyaye kuwa ba su runtsa ba.

Irin wannan ya faru a ɗaya daga cikin ikilisiyoyinmu, kuma ya kusa raba gida. Firgitar ta soma ne a makon da kakar yarinyar ta zo daga ƙauye. Wata maƙwabciya ta ce ruwa ba ya tsami banza. Kafin Lahadi ta zagayo, magana ta bazu cewa tsohuwa ce ke kama kurwar jikarta. Aka kai ƙara gaban dattawa. Allah ya sa a cikinsu akwai wani da ya yi aikin jinya shekaru da yawa kafin ya yi ritaya. Bai tambayi abin da tsohuwa ta yi ba. Ya dubi uwar ya ce, "'Yata, ƙarfe nawa yarinyar nan take kwanciya tun da Mama ta zo?" Ashe tun zuwan kaka an canja mata wurin kwana, ta daina barcin rana don murna, kuma sai ta gama jin tatsuniya da hirar manya take kwanciya. Aka mayar da ita kan lokacinta na dā. Kafin mako biyu firgitar ta ragu, daga baya ta wuce. Amma tsohuwar ta riga ta ji abin da aka faɗa a kanta, kuma wannan tabo bai warke da sauri ba.

Matsayinmu a fili yake. Firgitar dare irin wannan sha'anin barci ce da girman ƙwaƙwalwar yaro. Abin da take bukata daga wurinmu shi ne natsuwa, da tsaro, da gyaran lokacin barci, da sanin lokacin da ya kamata a tafi asibiti. Kada ikilisiya ta yarda a mai da ita dalilin zargin yaro, ko tsohuwa, ko kishiya, ko maƙwabci.

Mene ne ke faruwa a jikin yaron?

Barci ba iri ɗaya ba ne daga dare zuwa safe. Yana tafiya ne hawa-hawa. A farkon dare mutum yakan nutse cikin barci mai nauyi ƙwarai, irin wanda za a ɗauki yaro daga tabarma a kai shi ɗaki bai sani ba. Can wajen asuba kuma barcin mafarki ya fi yawa. A shekarar 1953 ne masu bincike a Jami'ar Shikago ta Amurka suka bayyana wannan barci na mafarki, wanda idanu ke motsi da sauri a cikinsa. A 1968 wani likita a Kanada, Roger Broughton, ya nuna cewa firgitar dare da tafiya cikin barci suna tasowa ne daga barci mai nauyin nan, sa'ad da mutum ya soma farkawa amma bai ƙarasa ba.

Wato yaron ya maƙale ne a tsakani. Jikinsa ya farka, har ya iya zama, ya buɗe ido, ya yi ihu, ya yi harbi da ƙafa. Amma sashen ƙwaƙwalwa da ke gane mutane da riƙe abin da ya faru yana barci tukuna. Shi ya sa bai san uwarsa ba a lokacin, shi ya sa kuma da safe ba ya tuna kome. Dukanmu mun san magagin barci. Wannan babban wansa ne. Yawanci yakan zo cikin awa ɗaya zuwa uku bayan yaro ya yi barci, ya ɗauki 'yan mintoci, wani lokaci har kwata ɗin awa ko fiye.

Abin ba baƙo ba ne, ba kuma a ƙasarmu kaɗai yake ba. Wani bincike da aka buga a 2015 ya bi yara 1,940 a lardin Kebek na Kanada tun suna ƙanana har suka kai shekara 13. An sami cewa a shekara ɗaya da rabi, kimanin yaro ɗaya cikin uku yana irin wannan firgita. Da suka kai shekara 13, abin ya sauka zuwa kimanin 5 cikin 100. Binciken ya kuma nuna cewa abin yana bin jini: iyayen da suka yi tafiya cikin barci suna yara, 'ya'yansu sun fi saurin samunsa. Kafin mu nemi wanda za mu zarga a waje, mu fara tambayar kakanni yadda uban yaron ko uwarsa suka yi barci suna ƙanana. Sau da yawa amsar tana nan.

Abubuwan da ke tayar da ita sanannu ne: rashin isasshen barci da gajiya mai yawa, zazzaɓi, mafitsara cike da fitsari, ƙara ko hayaniya da dare, canjin wurin kwana, damuwa a gida, da kuma toshewar numfashi ga yaron da ke minshari.

Laifin da ke wuyanmu

A nan sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Babban abin da ke jawo firgitar dare shi ne rashin barci, mu kuwa muna cikin masu hana yaranmu barci. Masana lafiyar yara sun ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar awa 11 zuwa 14 a kwana ɗaya, har da barcin rana. Ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar awa 10 zuwa 13. Ɗan shekara 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Kowa ya lissafa na gidansa.

Muna tafiya da su addu'ar dare su kwana a kan benci, lasifika tana kansu. Muna kai su zaman makoki har tsakar dare. Lokacin Kirsimeti da Sabuwar Shekara da manyan tarurruka, yaro yakan yi kwana uku bai yi barcin kirki ba. A gida kuma ga janareta, ga talabijin, ga wayar hannu, ga finafinan tsafi da manya ke kallo yara na leƙe. Da asuba a tashe shi ɗiban ruwa ko shirin makaranta. Sa'an nan in ya firgita da dare, sai mu ce abokan gaba ne. Abin takaici, maganin da wasu ke bayarwa shi ne a ƙara kai yaron wata addu'ar daren, wato a ƙara masa abin da ya jawo ciwon.

Ba muna cewa a daina addu'ar dare ba. Muna cewa ikilisiya ta shirya wa masu goyo da ƙananan yara: ko a sallame su da wuri, ko a keɓe ɗaki mai shiru da tabarmi da gidan sauro, ko iyaye su riƙa karɓa-karɓa, ɗaya ya zo ɗaya ya zauna da yara. Uwar da ta zauna a gida don ɗanta ya yi barci ba ta ja da baya cikin bangaskiya ba. A 1 Sarakuna sura 19, sa'ad da annabi Iliya ya gaji har ya fid da rai, abin da Allah ya fara ba shi shi ne barci da abinci da ruwa, sa'an nan ya sāke barinsa ya kwanta, kafin a zo ga magana.

Abin da za a yi sa'ad da abin ya zo

Na ɗaya, ku natsu. Yaron ba ya jin zafi, ba ya kuma cikin mafarkin da zai tuna. Tsoron da ke cikin ɗakin, yawancinsa namu ne.

Na biyu, kada ku yi ƙoƙarin tashinsa. Kada a girgiza shi, kada a mare shi, kada a watsa masa ruwan sanyi, kada a taru a kansa ana ihu. Tashin dole yana ƙara masa ruɗewa, yana kuma tsawaita abin. Kada a ɗura masa ruwa ko man zaitun ko wani jiƙo a baki, gama wanda bai farka sosai ba yana iya shaƙewa. Kada a yi masa hayaƙi.

Na uku, ku tsare shi daga rauni. A kawar da fitila, da kyandir, da kaskon wuta, da wuƙa, da kwalba. In ya sauko yana tafiya, a bi shi a hankali a juya shi zuwa shimfiɗa. Kada a danne shi da ƙarfi sai in zai ji wa kansa ciwo. Yaron da ke yin haka ya kwana a ƙasa ko a gado mara tsawo. A kulle ƙofar waje da dare, a rufe bakin rijiya, gama firgita da tafiya cikin barci 'yan gida ɗaya ne.

Na huɗu, ku zauna kusa, ku yi magana ƙasa-ƙasa, ku jira. Mai son yin addu'a ya yi ta a hankali a gefen shimfiɗa. Allah ba kurma ba ne.

Na biyar, da safe kada a tsare yaro da tambaya: wa ka gani, wa ya kira ka, me aka ba ka ka ci? Yaro ƙarami in aka matsa masa zai faɗi abin da ya ga manya suna so su ji. Ta haka ne ake samun "shaida" a kan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Kada kuma a riƙa ba da labarin a gabansa ko a bar 'yan'uwansa su yi masa dariya, don kada ya soma tsoron kwanciya.

Rigakafi kuwa ya fi magani. A tsayar da lokacin kwanciya guda ɗaya, a matso da shi gaba ko da da rabin awa ne. A mayar wa ƙaramin yaro barcin rana. Ya yi fitsari kafin ya kwanta. A hana shi shayi mai ƙarfi da kofi da lemon kwalba mai hana barci da yamma. A kashe kallo tun da sauran lokaci. Wanka, gajeriyar addu'a, waƙa mai taushi, sai barci.

In firgitar tana zuwa kusan kullum a lokaci guda, akwai dabara mai sauƙi da wani likitan yara a Landan, Bryan Lask, ya bayyana a 1988. A lura da agogo na 'yan kwanaki a san lokacin. Sa'an nan a riƙa tashin yaron a hankali kamar minti 15 kafin lokacin, ya ɗan farka, a bar shi ya koma barci. A yi haka har mako guda. Ga yara da yawa wannan yana katse abin, kuma ba a kashe ko kwabo. Amma kada kowa ya sayi maganin sa barci ko maganin mura mai sa maye a kemis ya ba yaro don ya kwanta. Wannan haɗari ne.

A bambanta ta da waɗansu abubuwa

Ba kowane kukan dare ne firgitar da muke magana a kai ba, kuma a nan ne ake bukatar ido.

Akwai mugun mafarki. Shi yakan zo ne can wajen asuba. Yaro yana farkawa sosai, ya san uwarsa, ya manne mata, ya iya faɗin abin da ya gani, ya kuma ji tsoron komawa barci. Wannan yaro a rungume shi, a saurare shi, a ta'azantar da shi. Mun san a cikin ikilisiyoyinmu akwai yaran da suka gudu daga gidajensu da dare, suka ji harbi, suka ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. In irin wannan yaro yana maimaita mafarki ɗaya, yana zabura da rana, ya koma fitsarin kwance ko ya daina wasa, raunin zuciya ne ke damunsa. Yana bukatar babba mai haƙuri da zai saurare shi, da taimakon waɗanda suka koyi aikin warkar da irin wannan rauni. Tsawa ba ta warkar da shi.

Akwai kuma abin da ba ya jiran safiya. In yaro yana da zazzaɓi mai zafi tare da jijjiga, ko wuyansa ya sanƙare, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko an kasa tashinsa bayan abin ya wuce, ko ya farka amma hankalinsa bai dawo ba, a tafi asibiti a daren nan. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa da ciwon sanƙarau suna kashe yaro cikin ɗan lokaci. A yi addu'a a kan hanya.

Akwai farfaɗiya, wadda wani lokaci da dare kaɗai take zuwa. Alamunta su ne jiki ya ƙage, hannu da ƙafa su riƙa fizga a jere, kumfa ko yawu a baki, cizon harshe, ko abin ya riƙa maimaituwa sau da yawa a dare ɗaya a siffa ɗaya, ko ya zo da rana ma. Kada a sa cokali ko yatsa a bakin mai jijjiga. A kwantar da shi a gefensa. Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta taɓawa ko ta yawu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya rayuwa ba tare da faɗuwa ba in sun sami magani daidai.

Haka kuma yaron da ke minshari da ƙarfi, yana barci baki buɗe, numfashinsa yana ɗaukewa yana dawowa, a kai shi likita ya duba maƙogwaronsa da bayan hancinsa. Wannan ba aikin wanzami ba ne, kuma cire belu ba ya maganinsa. In firgitar tana zuwa sau da yawa a mako, ko yaro yana jin ciwo, ko yana gyangyaɗi da rana, shi ma a ga likita. Mai waya ya ɗauki hoton bidiyo na abin ya nuna, gama gani ya kori ji.

Ga masu cewa mun raina ikon duhu

Mun san wani zai ce, "To, kuna nufin babu Shaiɗan ke nan?" Ba mu faɗi haka ba. Amma Littafi Mai Tsarki kansa bai tara kowace cuta a kwando ɗaya ba. A Matiyu 4:24, inda aka lissafa waɗanda aka kawo wa Yesu, an ambaci masu aljanu daban, masu farfaɗiya daban, shanyayyu daban. A Yohanna sura 9 almajirai sun so su san wanda ya yi zunubi har aka haifi mutum makaho, Ubangiji kuwa ya ƙi ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa. A Ishaya sura 38 Allah ya ji addu'ar sarki Hezekiya, duk da haka aka sa masa curin ɓaure a kan marurun. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne. Addu'a da ilimi ba kishiyoyi ba ne.

Mu kuma dubi inda ɗaya hanyar take kaiwa. A kudancin ƙasar nan an yi wa'azi, har an rubuta a littafi, cewa kukan dare alama ce ta maita a jikin ƙaramin yaro. Sakamakon shi ne yaran da aka doka, aka ƙona, aka hana abinci da sunan azumi, aka kore su suka koma kwana a titi. Abin ya kai har jihar Akwa Ibom ta yi doka a 2008 da ta haramta kiran yaro maye. A 2021 Majalisar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri a kan cutar da mutane saboda zargin maita. Abin kunya ne a ce sai gwamnati ta tsare yara daga hannun masu kiran sunan Yesu. A wannan yanki ne Mary Slessor, wadda ta iso Kalaba a 1876, ta yi shekaru tana tsince tagwayen da aka zubar saboda tsoro. Bishara ta shigo tana ceton yaran da aka zarga. Kada a zamaninmu ta zama bakin da ke zarginsu.

Kada kuma mu ce wannan matsalar Kudu ce. Mu da muke ƙananan ikilisiyoyi a tsakiyar jama'a masu yawa, kowa ya san kowa. Kalma ɗaya daga bakin dattijo ta isa ta bi yarinya har ranar aurenta, ta isa ta hana a ci abincin wata gwauruwa har ta mutu. Mun san zafin a yi mana ƙazafi saboda ba mu da yawa. Bai kamata mu juya mu yi wa marasa ƙarfi na cikinmu ba. Dokar da ta hana shaidar zur tana nan a Fitowa 20:16, kuma gargaɗin Ubangiji a Matiyu 18:6 game da wanda ya sa ƙaramin yaro tuntuɓe ba wasa ba ne.

Roƙonmu ga shugabanni

Muna roƙon dattawa da fastoci, in iyaye suka zo da wannan damuwa, ku karɓe su da tausayi, gama tsoronsu na gaske ne. Ku yi addu'a tare da su. Sa'an nan ku yi tambayoyin nan: ƙarfe nawa abin ke zuwa, ƙarfe nawa yaro ke kwanciya, yana da zazzaɓi, yana tunawa da safe, me ya canja a gidan? Kada ku yarda a ambaci sunan kowa a matsayin mai laifi. Kada ku yarda a sa ƙaramin yaro azumi, ko a tsayar da shi gaban jama'a, ko a kai shi wurin wanda zai karɓi kuɗi don ya "cire" masa wani abu, ko sunansa boka ko sunansa annabi.

Muna roƙon zumuntar mata ta keɓe zama ɗaya a wannan shekara don wannan magana, a gayyaci ma'aikaciyar jinya ko likita daga cikin membobi. Iyaye mata da suka riga suka wuce wannan mataki su faɗa wa na baya cewa yana wucewa. Mazaje kuma su tashi su taya matansu tsaron dare, kada a bar uwa ita kaɗai da rashin barci da zargi.

Mai Zabura ta 121 ya tuna mana cewa Mai tsaronmu ba ya gyangyaɗi. Saboda haka in ƙara ta tashi a ɗakin yara a daren yau, mu kawar da fitila daga kusa da shimfiɗa, mu zauna, mu duba goshinsa ko da zafi, mu jira har numfashinsa ya daidaita. Da safe mu ba shi kokonsa, mu kuma sa shi ya kwanta da wuri.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare mana 'ya'yanmu. Amin.